Saƙon Gonar Dabino

Jama'a, abin da zan ba ku labari ba a bakin wani na ji shi ba, kuma ba a waya aka turo mini ba. A gabana ya faru, da rana tsaka, ina cikin hankalina, cikina ba komai sai shayi da ruwan gora. Wanda ya yarda to, wanda bai yarda ba Allah Ya ba mu alheri, amma na rantse da Wanda raina ke hannunSa ban ƙara masa gishiri ba.

A shekarun baya na yi aiki a Dubai, a wani ɗan kamfanin yawon buɗe ido da ke saman shagunan yadi a Bur Dubai. Ba zan faɗi sunansa ba. Aikina jagora, wato in zauna a gaban bas, in riƙe lasifika, in riƙa yi wa baƙi bayanin abin da suke gani. An ɗauke ni ne saboda Hausa da ɗan Larabcin da nake ji, don mai kamfanin, wanda kowa ke kira Mudir, ya lura da wani abu game da mutanenmu. 'Yan kasuwar Kano idan sun gama sayayya sai su yi kwanaki suna jiran a loda kwantena a Jebel Ali, ba abin da suke yi sai kwanciya a otal da gardamar farashin dala. Sai ya shirya musu tafiya ta 'yan kwanaki a bakin teku, a bi tsofaffin garuruwan masu nutson lu'ulu'u, a ga gidajen da aka gina da duwatsun ruwa, da hasumiyoyin tsaro, da jiragen katako, sannan a rufe da wata tsohuwar gonar dabino ta wani attajirin zamanin da, a ci abincin rana a can a juyo. Ya daɗe yana kai Turawa da 'yan Rasha wannan hanyar. Ni a cikin birni na saba zagayawa da baƙi, ayarin nan nawa shi ne na Hausawa na farko a wannan hanyar.

Ku riƙe wannan, don shi ne ya ɗaure mini baki tun farko: a lokacin takardun zuwan matata suna hannun kamfani. Shekaru na yi ina neman albashina ya kai inda za a yarda in kawo iyali, sai ga shi ya kai, har na kama ɗan ɗaki, har na sayi labule. Ita kuma a Kano ta riga ta gaya wa duk danginta. Kuma kowa ya san yadda zaman can yake, bizarka a jikin aikinka take rataye, ranar da aikin ya faɗi tare suke faɗuwa.

Kafin tafiyar Mudir ya ɗauke ni a motarsa muka zagaya hanyar don in haddace. Da muka isa gonar na ga abin da ya tsaya mini a wuya. Gidan attajirin yana gaba, an yi masa fenti, an sa fitilu. A bayansa kuma akwai wasu ɗakuna a jere, gajeru, ba taga, sai ka sunkuya za ka shiga, kuma a jikin bangon, dab da ƙasa, an kafa zobban ƙarfe. A takardar da zan karanta wa baƙi an rubuta wai rumbunan dabino ne. To ni dai ban taɓa ganin dabinon da yake gudu ba, balle a ɗaure shi da mari. Wannan ma da sauƙi. Bayan ɗakunan akwai fili a ƙarƙashin inuwa, mai sanyi, kuma nan ake shimfiɗa wa baƙi darduma a ci abinci. A filin nan duwatsu ne a kafe bibbiyu, ɗaya nan ɗaya can, tsakaninsu tsawon mutum, dukkansu a jere, yadda in an kwantar da mutum zai fuskanci alƙibla. Yaron da ya taɓa raka gawa sau ɗaya ma ya san mene ne wannan.

Na ce, “Mudir, wannan fa maƙabarta ce.”

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Ya ce, “Habibi, duwatsun raba ruwa ne. Nan ne inuwa, nan ne hoto ke yin kyau. Kai dai karanta abin da aka rubuta maka.”

Na ce ai Musulmi zan kawo, za su gane.

Ya ce, “Mai cin shinkafar mandi da rago ba ya duban ƙasa. Khalas, magana ta ƙare. Af, takardun madam ɗinka ma suna kan teburina, mako mai zuwa zan sa hannu.”

Ka ji fa. Bai ɗaga murya ba, amma na ji abin da ya faɗa da wanda bai faɗa ba.

A cikin ayarin nan mutum biyu ne labarin ya shafa. Na farko Alhaji Sabo, dillalin kayan gyaran mota, mai ƙiba, mai son raha, kuma shi ya tattaro fiye da rabin mutanen bas ɗin, don haka Mudir yake ji da shi kamar ƙwai. Tun ranar farko ya raɗa mini suna Ɗan Rediyo, wai ina magana kamar mai karanta labaran duniya. Ta biyu Hajiya Dije, dattijuwa mai sayar da leshi da gwal, wadda ta fara zuwa Dubai tun ana sauka a tsohon filin jirgi. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi, sai an nemi wurin ɓuya.

Akwai gargaɗin da nake yi wa kowane ayari kafin bas ta tashi, shi ne kada kowa ya karɓi saƙon wanda bai sani ba. Kun san halinmu, Bahaushe ba ya ganin mai tafiya gida ya ƙyale shi, sai ya ce don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa innata. To mutane nawa wannan ɗan saƙon ya kai kurkuku a ƙasar mutane, an buɗe an tarar da ƙwaya a cikin gwangwanin madara? Da na faɗi haka a bas, Alhaji Sabo ya ce, “Ɗan Rediyo, kada ka wahalar da bakinka a kan Hajiya Dije. Ko allura ƙanwarta ta ba ta, sai ta ce kilo ya cika.”

Hajiya ba ta ko waiwayo ba ta ce, “Shi ya sa har yau nake kwana a gadona, Sabo. Kai da kake ɗaukar na kowa, Allah Ya sa a riƙa kai maka kunu.”

Bas ta ɗauki dariya. Gaskiya ne kuma, duk kasuwa an san ta da wannan, ba ta ɗaukar saƙon kowa.

Kwanakin farko lafiya lau. Muka ga garuruwa, aka yi hotuna, aka taya kifi, Alhaji Sabo ya tambayi kuɗin wata tsohuwar ƙofa mai sassaƙa har sai da mai gadi ya kore shi. Ranar ƙarshe wajen azahar muka shiga gonar. Lokacin sanyi ne, don da zafi ba mai iya yawo a ƙasar nan, kuma ku lura da wannan: da sanyi ba nunannen dabino a kan bishiya. Lokacin ne ma ake hawa ana ɗaura furen namiji a jikin ta macen. Ɗanye sai tsakiyar zafi.

Muka zo ɗakunan nan na baya, na buɗe baki na ce ga su nan, na wuce, ban ce rumbu ba, ban ce komai ba. Ina juyowa sai na ga Alhaji Sabo ya durƙusa, ya zura hannu a zoben ƙarfe, ya karkace baki ya zaro harshe, yana cewa, “Ku ɗauke ni, ku ɗauke ni! A tura wa uwargida, a ce mata Larabawa sun kama ni!” Mutane suna ta ƙyaƙyata dariya, wayoyi sun yi sama. Wallahi na buɗe baki zan yi magana, amma na tuna da labulen da na saya, na haɗiye.

Masu abinci sun riga sun shimfiɗa dardumai a filin. Ɗaya daga cikin duwatsun ma an ɗora masa kular shayi. Aka zazzauna, aka buɗe farantai, ƙamshin rago ya tashi, kuma maganar Mudir ta tabbata, ba wanda ya dubi ƙasa. Ni na kasa zama. Ina tsaye a gefe sai na lura ba Hajiya Dije. Wata ta ce ta ɗauki buta ta yi wajen magudanar ruwa za ta yi alwala, amma ta daɗe. Da yake duk wanda ya ɓata a wuyana yake, sai na bi sawunta.

Gonar tana da zurfi. Na bi magudanar, hayaniyar masu cin abinci tana raguwa a bayana, har ta ɗauke gaba ɗaya, ko kukan tsuntsu babu. Can na hango ta a tsugune, ta ajiye buta, ta gyara mayafi, irin tsugunnon da mace ke yi wa surukinta. A gabanta wani tsoho ne a tsaye a gindin dabino, baƙi, dogo, ramamme, da zane ɗaure a ƙugu da igiyar hawa ta kaba a kafaɗarsa. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne fuskarsa. Tsaga ce irin tamu, zube a kumatu biyu, irin wadda rabona da ganinta tun kakannina. Sannan na ji muryarsa.

Hausa yake yi. Ba irin tamu ta Dubai ba, da muke cusa yalla da kago da kwantena a kowace jimla. Hausa ce wankakkiya, a hankali, ba Larabcin kasuwa, ba Turanci ko ɗaya. Na yi shekaru ina aiki da harshen nan, amma ban taɓa jin an yi shi da tsabta haka ba.

Na yi sallama, ya amsa cikakkiya. Ya ce, “Samari, sannunku da hanya. Kai ne madugun?”

Na ce, “Ni ne jagora, Baba.”

Ya ce, “Madalla. Na daɗe ina jin baƙi suna shigowa, kowa da yarensa. Yau ina sama sai na ji ana dariya da Hausa, na ce bari in sauko.”

Hajiya ta ce, “Baba, mutumin ina ne kai? Me ya kawo ka nan?”

Ya ce shi mutumin Kukar Maƙera ne, a ƙasar Kano, sunansa Nomau. Da kawunsa suka fito da ƙafa suna nufin Gabas, yana yaro ko gemu bai fara ba. Kawun ya rasu a bakin bahar. Wani mutum ya ce zo in kai ka Ɗakin Allah, ya sa shi a jirgi, jirgin bai tsaya ko'ina ba sai nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ruwan bara. Na dubi ƙafarsa, na ga wani baƙin tabo ya zagaye idon sawun kamar munduwa.

Ya ce, “'Yar nan, yaushe ayarinku zai juya gida?”

Ta ce, “Jibi, in Allah Ya yarda.”

“Wata nawa za ku yi a hanya?”

Ta ce, “Wata kuma, Baba? Ai ranar da muka tashi ranar muke kwana a Kano.”

Sai ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro idan ya yi ƙarya mai daɗi. Bai musa ba. Ya sa hannu a bayansa ya ciro wani ɗan sanho na kaba, bai fi tafin hannu biyu ba, an ɗinke bakinsa da zare. Ta ramukan saƙar ina hango dabino, ɗanye, nunanne, yana sheƙi har yana ɗigar zuma. A cikin sanyin nan. Ya miƙa mata ya ce, “Don Allah ga ɗan saƙo. Ki kai wa innata, Tabawa, gidanmu na gindin kukar. Ki ce Nomau yana gaishe ta. Ki ce ban samu isa Ɗakin ba. Ki ce ta daina rage mini tuwo.”

Nan aikina ya motsa. Na ce, “Hajiya, kin san doka. Ba mu san shi ba, ba mu san abin da ke ciki ba, filin jirgi za ki bi.”

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja. Ta ce, “Rufe mini baki, ɗan nan. Kai ba ka da uwa?” Matar da ba ta ɗaukar allurar ƙanwarta, sai ga ta ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Na ga kafaɗunta sun yi ƙasa kamar an aza mata buhu. Ta ce, “Na karɓi amana, Baba. In ina da rai zai isa.”

Ya sa mata albarka. Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa, ba ɗaga murya, ya ce, “Madugu, alfarma ɗaya. Waɗancan baƙin da ake kawowa ba su san mu ba, ba mu ga laifinsu ba. Amma ku namu ne. Ka ce wa yaran su ɗan ɗaga shimfiɗarsu, sun danne mu. Akwai mata a cikinmu.”

Ya warware igiyarsa ya zagaya ta a jikin dabinon, ya jingina baya, ya fara hawa. Ina jin ƙarar igiyar, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tana yin sama. Na sunkuya in ɗauko wa Hajiya butarta, ɗagowar da zan yi na bi bishiyar da ido har ƙarshe. Jama'a, ba kowa. Kuma ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Dabinon da ya hau ba shi da kai. Kututture ne busasshe, tsaye kamar turken wuta, ko ganye ɗaya babu balle wurin ɓuya. Amma ƙarar igiyar ba ta daina ba, sai da ta ƙara yin kamar sau uku a saman iska, sannan ta yi shiru.

Innalillahi kawai nake maimaitawa. Hajiya kuwa ta miƙe da ƙyar, ta rungume sanhon a ƙirji, ta ce, “Ka ji abin da ya ce. Ko sai na je na yi da kaina?”

Ban san lokacin da na iso filin ba. Tsoron ma ya gudu, abin da ya rage fushi ne, irin wanda ke sa mutum ya ji sanyi maimakon zafi. Na sauke kular shayin daga kan dutsen. Na ce kowa ya tashi a naɗe dardumai, a koma gaban gida a ƙarasa ci. Wasu suka miƙe suna tambaya. Alhaji Sabo kuwa yana zaune dirshan a tsakanin duwatsu biyu, da ƙashin rago a hannu.

Ya ce, “Ɗan Rediyo, lafiya? Labaran ƙarfe ɗaya ne suka zo da zafi?”

Na ce, “Alhaji, a kan kabari kake zaune.”

Ya ce, “Kabarin wa? Na kakanka?”

Hajiya daga bayana ta ce, “Wa ya sani ko na naka ne, Sabo? Dubi dutsen da ke bayanka, dubi na gabanka, ka dubi inda muke fuskanta in za mu yi salla. Kai ba ka taɓa binne kowa ba?”

Na ga idanu suna bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, wata mata ta furzar da lomar da ke bakinta ta fara salati. Alhaji Sabo shi ma ya gani, na tabbata ya gani, don fuskarsa ta canza. Amma akwai mutanen da kunya ke zame musu faɗa. Ya ce shi kuɗinsa ya biya, ba wanda zai tashe shi a kan abinci, ba a taɓa yi masa haka ba ko a gidan surukai. Ni kuma na kama gefen dardumar na tsaya, ban ja ba, ban saki ba, har ya tashi da farantinsa yana zagina.

Kafin mu hau bas na tambayi mai gadin gonar ko akwai wani baƙar fata da ke musu aiki. Ya ce ma'aikatansu biyu ne, duka 'yan Bangaladash, kuma ranar ma ba su zo ba.

A bas na ɗauki lasifika, na ninke takardar Mudir na sa a aljihu. Ban ba su labarin tsohon ba, don na san za a ce na zautu. Abin da ido ya gani kawai na faɗa. Na ce ɗakunan da kuka gani ba rumbuna ba ne, mutane aka kwantar a ciki. Zobban da aka yi hoto da su ƙafafun mutane aka ɗaure. Dabinon nan da lu'ulu'un da aka gina garuruwan da muka yi kwanaki muna yabo, akwai hannun bayin da aka kwaso daga ƙasashen baƙar fata a ciki, kuma ba mamaki a cikinsu akwai masu jin yaren da nake muku magana da shi yanzu. Na ce ba na neman kowa ya yi faɗa da kowa, waɗanda suka yi sun tafi, amma mu da muka zo daga baya, mafi ƙarancin abin da za mu yi musu shi ne kada mu ci shinkafa a kan ƙirjinsu. Na ce a karanta musu Ƙulhuwallahu. Bas ta ɗauka, har direbanmu ɗan Pakistan. Ina kallon madubi, Alhaji Sabo bai buɗe baki ba, ya ɗaga waya yana ɗaukata.

Kafin mu shigo Dubai hoton ya isa wurin Mudir. Washegari ya kira ni ofis, bai ko ce in zauna ba. Takardun matata suna kan teburin, ina ganinsu, ya ɗauka ya miƙo mini ba sa hannu. Ya ce na ɓata masa babban baƙo, na ɓata sunan gonar abokan hulɗarsa, na kawo siyasa cikin yawon shaƙatawa. Siyasa! Wai faɗin cewa kabari kabari ne shi ne siyasa. Ya ce, “Na gaya maka, habibi. Khalas.” Aka soke bizata. Labulen nan ko ɗaura shi ban yi ba, wani ɗan Zariya na bar wa.

Abin da ya fi mini wuya shi ne kiran matata. Na ba ta labari tun daga farko, ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, “Wato dai fatalwa ce ta cinye mini biza.” Na ce kusan haka. Ta yi kuka, ba zan ɓoye ba, don ta riga ta yi ɗinki. Da ta share hawaye ta ce, “To dawo. Da ka bar su a zaune a kan bayin Allah, da wane ido zan zauna a ɗakin da aka biya da wannan?” Har yau ba ta ga Dubai ba, kuma har yau idan muka yi saɓani sai ta tuna mini.

Bayan na dawo Kano da 'yan watanni Hajiya Dije ta neme ni. Na same ta a shagonta, ta rame kaɗan. Ta ce a filin jirgi an sa sanhon a na'ura, dabino ne kawai, a ma'auni kuwa ko kilo bai kai ba. “Amma ɗan nan,” in ji ta, “na goyi 'ya'ya, na goyi jikoki, na san nauyin mutum. Abin nan nauyin mutum gare shi.” Ta ce ta yi ta cigiyar Kukar Maƙera ba wanda ya sani, sai wani tsohon dillalin shanu ya ce ya taɓa jin sunan a bakin kakansa, ya kwatanta mata. Ta ɗauki shatar mota ta tafi. Ba gari, ba gida, ba ko katanga. Kufai ne a tsakiyar gonakin mutane, sai wata ƙatuwar kuka, gindinta cike da kashin maƙera. Duk tsawon watannin nan kuma dabinon bai bushe ba, bai yi tsami ba.

Ta ce ta tsaya a gindin kukar ta yi sallama, direba yana kallonta kamar mahaukaciya. Ta ce, “Inna Tabawa, ga saƙon ɗanki Nomau. Yana gaishe ki. Ya ce bai samu isa Ɗakin ba. Ya ce ki daina rage masa tuwo.” Ta ajiye. Ba ta ji murya ba, ba ta ga kowa ba, ko iska ba ta kaɗa ba. Sai dai da ta sake ɗaga sanhon don ta raba wa wasu mata masu itace sadaka, sai ta ji shi sakayau, kamar ba komai a ciki. Ta ce a nan ne ta zauna a ƙasa ta yi kukan da rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta.

Ban san mene ne muka gani ba. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ɗauki siffa, wani ya ce mamaci ba ya dawowa, kuma ban musa wa kowa ba. Ni dai na san ɗanyen dabino ba ya nuna da sanyi, na kuma san kututture ba ya ɓoye mutum. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, wanda ya gaje ni a aikin, wani ɗan Damagaram, ya gaya mini ba a fasa ba. Nan ake shimfiɗa dardumar, nan ake ɗora kular shayi. Ya kuma ce wata rana wani baƙo ya dawo bas yana tambayarsa, wai wace tsohuwa ce mai jin Hausa a can ƙarshen gonar, mai tsaga a goshi, da ta tare shi tana tambaya ko akwai mai zuwa Katsina.

Duwatsun nan fa suna da yawa, jama'a.

Don haka idan Allah Ya kai ku irin wannan yawon, a kowace ƙasa ce, aka nuna muku gidan attajiri, ku ce a nuna muku bayan gidan. Kafin ku zauna a inuwar da aka zaɓa muku, ku dubi ƙasa, ku yi sallama. Maganar saƙo kuwa, gargaɗina na nan yadda yake, kada ku karɓi na wanda ba ku sani ba. Amma idan wani tsoho ya sauko daga kan dabino ya ce don Allah ga ɗan saƙo, wannan ban ce ku karɓa ba, ban ce ku ƙi ba. Ku dai sani yana da nauyi.